Harafin da Ya Rasa Ƙugiya

Ana cikin jera kujeru Malama Auta ta ɗaga kai ta dubi bangon sabon ajin, sai ta hango kuskure. Mai fenti ya zuba rubutu rangaɗau, ya kwashi gwangwanayensa ya yi gaba, ashe aiki ya bar mata.

Baitin da ke bangon na mahaifiyarta ne, wadda kowa ke kira Inna. Ita ce mace ta farko a garin da ta tsaya gaban maza ta rera waƙar da ta rubuta da hannunta, tun ana ganin karatun mace ɓarnar alli ne. An kore ta daga taro, an hana ta shiga gidan rediyo, ko gezau. Amshin waƙar shi ne "A ba mace baƙi," wato harafi, a koya mata karatu. Mai fenti kuwa ya manta ƙugiyar harafin ƙ, ya rubuta "A ba mace baki." A lallashe ta ta yi shiru ke nan, abin da aka sha yi wa Inna shekara da shekaru.

Yau ake buɗe ajin manyan mata da sunan Inna, ga motar da ta ɗauko ta har ta tsaya a ƙofa. Abu ɗaya ya kwantar wa Auta da hankali: idon Inna ya yi rauni, ɗaliban ajin kuma sun haddace amshin tun a tsohon aji. Da ka za su faɗa, a tashi lafiya.

Aka zaunar da tsohuwa a gaba, sandarta a kan cinya. Auta ta nuna bango da rula tana murmushin dole.

"To iyayena, mu karanta wa Inna."

Matan suka ƙura ido, leɓuna na motsi. Suka ja a hankali, harafi bayan harafi: "A... ba... mace... baki."

Can wata mai ɗinki ta ce, "Malama, baki kuma? Ai wannan muna da shi har ya yi mana yawa!"

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Auta ta sunkuya wajen Inna.

"Ki yi haƙuri, Inna," ta ce a kunnenta. "Mai fenti ne. Yanzu zan sa a kira shi."

Inna ta kama hannunta. "Tsaya. Abin da ke bangon ke nan?"

"Shi ne."

"Kuma sun san waƙar da ka?"

"Kamar sunayensu."

"Amma suka faɗi abin da idonsu ya gani."

Sai Inna ta fara dariya, kafaɗunta na rawa, hawaye na bin kumatunta. Auta ba ta taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarta ba.

"Ranar da na fara rera ta," in ji Inna, "da an rubuta ta a kife ma, babu macen da za ta gane a ɗakin."

"To a gyara ko?"

Inna ta goge ido da gefen mayafi. "Ki bar wa bawan Allah fentinsa. Duk sabon ajin da ya zo, ki nuna musu bangon nan, kada ki ce komai. Ranar da suka yi dariya, kin gama koya musu karatu."