Fatar Karfasa a Hannun Auta

Ruwan zafi ya ƙona ɗiyata Auta daga kafaɗa har gwiwar hannu. A asibiti likita ta nuna mini wani abu a leda, ta ce fatar kifin karfasa ce da aka tsabtace a ɗakin bincike, aka kashe ƙwayoyin cutar jikinta. Za a rufe ƙunar da ita, sabuwar fata ta tsiro a ƙarƙashi. Sharaɗi ɗaya ne, kada a taɓa. Na ce a sa. Ranar yarinyar ta samu barci.

Mijina kifi yake sayarwa, kuma irin mutanen nan ne da ko tari ka yi kusa da teburinsa sai ya ce da shi kake. Da ya dawo daga tafiya ya zo asibitin ya ga hannun, fuskarsa ta canza.

"Ke, mene ne wannan?"

"Magani ne, Baban Auta."

"Abin da nake zubar wa kyanwa? Sun tambayi sana'ata, ko? Yaron ɗakin can an naɗe shi da farar bandeji, ɗiyar mai kifi kuma an manna mata shara."

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya ce ya ji. Ashe jin kunne ne. Na fita wanke kwano, ina wurin famfo na jiyo ihun Auta.

Na tarar da fatar a hannunsa, ya ɗaye ta yadda yake yi a kasuwa. Ta taho da sabon naman da ya fara tsirowa. Girman kai rawanin tsiya! Ban taɓa jin na tsani mutum kamar lokacin ba, kuma har yau ban ce na huce ba.

Likita ta duba. Sannan ta ce ciwon ya yi zurfi, yanzu dole a yanko fata a dasa.

Baban Auta ya naɗe hannun riga. "Likita, ga tawa. Ku yanka duk yadda kuke so."

"Jikinta ba zai riƙe taka ba," in ji ta. "Daga cinyarta za mu yanka."

Auta ta ji. Ta ja zane ta rufe ƙafafunta, tana kallon ubanta.