Rawar Farin Beyar

Jamilatu na ɗaure wa 'yarta Ihsan igiyar takalmi a bakin ƙofar gidansu da ke unguwar Woolwich a Landan, sai yarinyar ta zame ƙafa ta sake farawa: taku bakwai zuwa jikin firij, ta kaɗa kai dama da hagu, ta juyo, taku bakwai zuwa ƙofa. Rawar beyar ke nan, ƙaton dabbar nan mai yawan gashi. Tun hutun bara take yinta. Duk baƙon da ya shigo sai an yi masa, kakarta ma a Kano ta gani ta waya ta yi dariya har da hawaye.

Da Turancinta na 'yan Landan Ihsan ta tuna mata cewa yau ce ranar ƙarshe ta tura wa malamarsu Miss Rhoda bidiyon beyar ɗin. Gobe ajinsu zai yi darasi kan dabbobin ƙasashen ƙanƙara, kuma ita kaɗai ce ta taɓa ganin farin beyar da idonta. Ita za ta tsaya gaban aji ta nuna yadda yake rawa idan yana murna. Jamilatu ta ce to, kafin ƙarfe huɗu.

Bidiyon sakan arba'in ne. A wani wurin kallon dabbobin ruwa suka ɗauka, a ƙasar da suka je hutu, ƙasa mai zafi kamar Sakkwato. Beyar ɗin na bayan gilashi, kan siminti da aka yi wa farin fenti don ya yi kama da ƙanƙara. Gashinsa ya dafe, goshinsa ya ƙwaƙule daidai inda yake goga gilashin duk juyowa. Ihsan, lokacin tana shekara biyar, ta tambayi me ya sa yake haka. Jamilatu ta dubi fuskar 'yarta, ta ce rawa yake mata. Da suka koma masauki har kiɗan biki ta ɗora a kai, ta tura wa dangi.

Ta san ba rawa ba ce. A gidan kula da tsofaffin da take aiki akwai Mista Aziz, tsohon direban bas, wanda ke wuni tsakanin gadonsa da ƙofar da ke kulle. Ya taɓa mariƙin, ya juyo, ya koma. Yau ma ta same shi yana yi, ta jera da shi har ya gaji ya zauna, sannan ta rubuta a fayil ɗinsa abin da take rubutawa kullum: yana cikin damuwa. Ba ta taɓa rubuta cewa rawa yake ba.

Lokacin hutu ta kira mijinta Haliru. Ta ce tsoronta kada gobe malamar ko wani yaro mai baki ya faɗa wa Ihsan gaskiya a gaban yara talatin, yarinyar tana tsaye tana kaɗa kai.

“Dabba ce fa, Maman Ihsan,” in ji shi. “Ke dai kin iya ɗora wa kanki kaya. Ki ce wayar ta yi delete ɗin bidiyon, a wuce wurin.”

Ta yi tunanin hakan har tsawon kofin shayi guda. Ƙarya kan ƙarya, kuma yarinyar za ta yi rawar ko babu bidiyo.

Ƙarfe uku da kwata ta ɗauko Ihsan. Maimakon tashar bas sai ta ja ta zuwa wani benci kusa da kasuwa, ta gyara mata zif ɗin riga har wuya, ta ciro wayar. Bidiyon na asali ta buɗe, wanda babu kiɗa. Sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki, da ƙarar farata kan siminti, da muryarta ita kanta tana cewa, kalli, rawa yake miki.

“Ihsan, ba rawa yake ba,” ta ce. “A ƙasarsu yini yake yana tafiya bai ga bango ba. Nan wurin ya yi masa kaɗan, shi ne yake kai da kawowa. Tun ranar na sani. Ba na son ki yi kuka ne, sai na yi miki ƙarya.”

Ta riga ta damƙe tishu a hannu, amma yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta karɓi wayar ta sake kallo, leɓenta na motsi tana ƙirga takun. Da ya ƙare ta ɗago, ta yi tambayar da Hausa, abin da ba ta cika yi ba.

“Mama, da muka tafi ya daina?”

Amsa mai sauƙi ta zo wa Jamilatu har bakin harshe. Ta haɗiye ta.

“A'a.”

“Har yanzu yana yi?”

“Ina jin har yanzu.”

Ihsan ta daɗe tana kallon tattabarun da ke tsince-tsince ƙarƙashin teburin mai kayan miya. Can ta miƙo wayar, ta ce a tura wa Miss Rhoda wannan, ba mai kiɗan ba. Saura minti goma huɗu ta cika Jamilatu ta tura, da muryarta a ciki. A bas yarinyar ta zauna ta jikin taga, ba ta jingina da ita ba kamar kullum.

Suna shiga gida wayar ta yi ƙara. Hajiya ce, kakar Ihsan, daga Kano, fuskarta cike da allon, tana cewa ina ƙawarta, a zo a yi mata rawar nan ta dabba, maƙwabciyarta ta shigo tana son gani.

Ihsan ta tsaya tsakanin ƙofa da firij, jakarta a baya, ta dubi uwarta.

Jamilatu ta juyo da wayar wajen fuskarta, ta zauna kan kujera ko takalmi ba ta cire ba.

“Hajiya, ina wuni,” ta ce. “Bari ni in fara ba ki labarin rawar.”