Filashi na Goma Sha Biyu

"Motar Pa Ashu ta tashi?" Efeti ta tambaya tana haki, ruwan sama na gangarowa daga kitsonta zuwa cikin wuyan rigarta.

Ɗan kamashon ya dube ta sama da ƙasa. "Sista, Pa Ashu ai yanzu yana Kumba yana lasar miyar eru. Tun asuba ya ɗaga. Miji ya tsere miki ne?"

"Saƙo na ba shi jiya. Ambulan ce ƙarama."

"To saƙo ya yi gaba. Ki shiga wannan, saura mutum biyu."

Ta leƙa. Saura mutum shida ne. Ta shiga duk da haka, ta zauna kusa da wata mata mai kwandon busasshen kifi, ta matse jakarta a ƙirji.

Shekara shida ofishinsu na Molyko yana yin wata manhaja da ƙananan asibitocin ƙauye ke rubuta sunayen masu ciki da ranakun rigakafin yara a cikinta. Duk tsawon shekarun nan kwamfuta ɗaya ce tak ke iya tattara abin da suka rubuta ta mayar da shi ƙunshi guda da za a aika: tsohuwar kwamfutar mai gidansu, Mola Njie. Batirinta ya mutu tuntuni, sai an jingina ta da littafi take tsayuwa. In za a haɗa sabon ƙunshi, sai an bi matakai goma sha tara da aka rubuta a bayan kalanda, kuma ko Mola Njie bai san amfanin mataki na bakwai ba. Ya dai san in aka tsallake shi komai lalacewa yake yi.

Efeti ce ta nace a canja. Ita da ba ta iya ɗaga murya a taro, sai da ta yi magana sau uku. "Mola, ranar da wannan ta mutu, mu ma mun mutu." Ya ce ta yi, amma kome ya biyo baya a wuyanta. Wata uku ta yi tana kwashe kaya daga lungunan tsohuwar kwamfutar, tana jera kowane fayil a inda ya dace. Da ta gama, umarni ɗaya ake bugawa, kowace kwamfuta ta haɗa ƙunshin cikin minti huɗu. Ta ƙara masa wani mataki da take alfahari da shi: kafin sabuwar manhaja ta zauna, sai ta share tsohuwar foldar kaf, don kada tarkace ya taru. Ta gwada sau biyar, kowane karo a kan kwamfuta wankakkiya wadda ba kome a cikinta, kamar yadda ƙwararru ke yi. Jiya suka zuba shi a filashi goma sha biyu, na asibitoci goma sha biyu, suka raba wa direbobi, don wuraren ba su da intanet.

Yau da safe aka kawo wata kwamfutar asibiti gyaran gilashi. Bayan ta kwafe abin da ke ciki, sai ta ce bari ta ɗora sabon ƙunshin ta ga kyansa. Ya hau lafiya lau. Ta buɗe. Babu suna ko ɗaya. A cikin tsohuwar foldar nan da ake sharewa sunayen marasa lafiya suke zaune, tun ranar farko, kuma ba wanda ya taɓa rubuta haka a bayan kalanda.

Ta kira asibitoci goma sha ɗaya, ta ce kada su taɓa filashin. Na goma sha biyu, wanda ta ba Pa Ashu, na ƙauyen Mofenge ne inda Ma Bessem ke riƙe da asibitin, kuma babu sabis a can.

Wayarta ta yi ƙara. Mola Njie ne.

"Kin same shi?"

"Ya tafi, Mola. Ina cikin mota."

"Sunaye nawa ne a wurin Ma Bessem?"

"Sun haura dubu da ɗari biyu."

"Ta daina rubutun littafi tun shekarar da muka kai mata kwamfuta. Ni na ce ta daina. Da bakina." Ya ja numfashi. "Me kika rubuta a takardar da ke cikin ambulan?"

Muryarta ta yi ƙasa. "Na ce ta ɗora da zarar ya iso."

"Efeti, in ya goge, ba ni da abin da zan ce wa kowa. Ke ma ba ki da shi. Kin gane ko?"

"Na gane, Mola."

Sai da ta biya kuɗin kujera biyun da suka rage sannan motar ta tashi. A hanya duk wanda ya ce zai sauka sai ta ji kamar ta riƙe masa riga. A Muyuka direba ya tsaya sayen gasasshiyar ayaba, yana ciniki a kan sefa hamsin. Mai kifin ta dube ta.

"'Yata, rasuwa aka yi?"

"A'a, Mami."

"To ki daina girgiza ƙafar nan, kina zubar min da kifi."

Ƙarfe ɗaya saura ta sami Pa Ashu a tashar Kumba, kwance a kan benci, ya rufe fuska da hula. Ta durƙusa kusa da shi.

"Pa, don Allah ambulan ɗin nan ta jiya."

Ya ɗaga hular. "Ke ce? Kin biyo ni ki ga ko na cinye ta? Shekara ashirin ina kai saƙo, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Tun ƙarfe tara na ba masu babur, yau kasuwar Mofenge. Yanzu tana hannun mai ita."

Ya faɗi haka yana jiran godiya. Efeti ta zauna daɓas a ƙasa.

Mai babur ɗaya ne ya yarda ya kai ta, shi ma sai da ya ninka kuɗi saboda taɓo. Hanyar ta bi ta cikin gonakin koko, ja wur, santsi kamar sabulu. Sau biyu suka faɗi. A karo na biyu takalminta ɗaya ya nutse, ta lalube shi ba ta samu ba, ta cire ɗayan ta riƙe a hannu. Tana bayan babur tana lissafin lokaci. Ambulan ta isa wajen sha ɗaya. Ɗora ƙunshin minti biyu ne. Ita ce ta sa ya zama minti biyu. A da sai an yi rabin awa ana danna wannan ana danna wancan, mutum ya gaji ya bari sai gobe. Ta tuna yadda ta tsaya a gaban abokan aikinta tana nuna musu cewa yanzu dannawa ɗaya ya isa, ba ya tambayar kome, ba ya jiran kome.

"Ɗan'uwa, ba za ka ƙara gudu ba?"

"Sista, asibiti kika ce in kai ki. Kina so ki isa a zaune ko a kwance?"

Sun isa bayan la'asar. Asibitin ɗaki uku ne, mata sun cika baranda da jarirai a goye. Efeti ta ratsa su ba takalmi, taɓo har gwiwa. A ciki wata dattijuwa mai farar riga da tabarau tana zaune gaban kwamfuta, tana danna haruffa da yatsa ɗaya. A gefen hannunta ga ambulan ɗin, a yage.

"Ma Bessem," in ji Efeti.

"Ikon Allah! Daga wane rami kika fito? Ke ba 'yar wajen Njie ba ce?"

"Filashin, Ma. Kin ɗora?"

"Wanne?"

"Na yau. Na cikin nan."

Ma Bessem ta sauke tabarau zuwa kan hanci. "Zauna tukuna kafin ki faɗo min a kan ma'auni."

Efeti ba ta zauna ba. Ta zagaya bayan tebur ta dubi gilashin kwamfutar. Sunaye ne jere, layi bayan layi, har ƙasa. Ta dafa bango. Sai kuma ta ƙara duba. Launin shafin kore ne, wani irin kore da ta sani a tsofaffin hotuna kawai. A kusurwa an rubuta lambar fitowa ta ɗaya.

"Ma, wannan ai ta farko ce. Ta shekara shida da suka wuce."

"Ita ce mana."

"Amma duk bayan wata shida muna aiko miki da sabuwa."

"Kuna aikowa, Allah ya saka. Ranar da Njie ya kawo wannan ya zauna kwana biyu ya koya min. Na iya. Sai ku ce in canja, in wayi gari maɓallin ya koma wani gefe, ga mata arba'in a waje? Abin da ke aiki ba na taɓa shi, 'yata." Ta jawo aljihun tebur. Filashi ne a ciki, an ɗaure kowanne da zare da 'yar takarda. Efeti ta ɗauki ɗaya ta karanta: waƙoƙin Ista. Wani kuma: bikin Agbor, hotuna.

"'Yan mawaƙan cocinmu suna gode muku ƙwarai," in ji Ma Bessem. "Masu kyau kuke saye. Na yau ma an riga an yi kamunsa."

Efeti ta tsaya tana kallon aljihun. Aikin shekara biyar da rabi ne a ciki, watanni ukunta ma nan za su ƙare. Ta zauna a kan bencin masu awo.

"Wai me ke cikin na yau da ya sa kika taho haka?" Ma Bessem ta tambaya. "Ya fi sauran ne?"

Efeti ta miƙa hannu ta ɗauki filashin daga cikin ambulan, ta jefa a jakarta, ta ja zif.

"Wannan ba ya ɗaukar waƙa, Ma. Zan aiko miki da wani."

"To ki ce wa Njie ya sayi babba." Ta mayar da tabarau, ta ɗaga murya wajen ƙofa. "Mai bi!"