Ƙudan Ɗakin Gwadabe

"Kar ki kashe shi, da rai nake son shi," in ji Malam Sammani, ya ture hannun Binta, ya kifa kwalbar magani a kan ɗan ƙudan da ke yawo bisa matashin mahaifinta.

Ƙudan bai kai ƙwayar gero ba. Irinsa sun fi ɗari a ɗakin, kan bango, bakin kofi, gefen tabarma. Kwana huɗu ke nan Gwadabe bai sa komai a baki ba saboda su.

"Malam, kai ka yi boko," Gwadabe ya ce daga kwance, muryarsa a dushe. "Gaya mani gaskiya. Wane iri ne?"

"Ƙuda ne."

"Na san ƙuda ne. Shekara arba'in ina haƙa kabari. In magirbi ya fasa gefen kabarin da bai daɗe ba, irin waɗanga ke fitowa. Ba su tashi, gudu suke. Ba su zuwa wurin mai rai, Malam. Mi na yi wa Allah da zan fara ruɓewa tun ban mutu ba?"

Binta ta juya ta fuskanci bango.

Malam Sammani tsohon dubagari ne. Shekara talatin yana leƙa randunan matan Ƙofar Kwaya yana shan tsinuwa, har ya yi ritaya da tabarau mai kauri da littafi ɗaya na makarantar tsafta. Tun da matarsa Hajjo ta rasu ya daina yi wa kowa ƙaryar kwantar da hankali, don shi an yi masa ita har ta ishe shi. Kuma Gwadaben nan ne ya haƙa wa Hajjo kabari.

"Ban sani ba tukuna," ya ce. "Sai na duba."

A zaurensa ya buɗe littafin, gara ta cinye kusurwarsa. Rediyon maƙwabta na ta murnar sojoji sun koma bariki, an naɗa kwamishinoni. Ya yi tsaki. An canja masu mulki, kwatar layin kuwa tana nan yadda Turawa suka bar ta. Ya sa gilashin ƙara girma. Akwai zane biyu a shafi ɗaya: wani mai dogayen ƙafafu kamar sauro, wani gajere mai doro, wanda aka rubuta ƙudan kabari a ƙarƙashinsa. Ya dubi kwalba, ya dubi zane. Da idon dama abin mai doro ne, da na hagu ba shi da doro. Ya goge tabarau, abin ya ƙara rikicewa. Ƙudan ma ya ƙi tsayawa a gan shi.

Bayan la'asar ya koma da tsohuwar sana'arsa. Ya leƙa bayan ƙofa, ya shinshina bango, ya sa Binta ta janye randa.

"Baba Malam, kullum sai na share ɗakin nan, wallahi."

"Kowa haka yake cewa. Janye."

Ga ɓoyayyen abu. Damina ta jiƙa gindin bangon, katakon da randar ke kai ya ruɓe, laimar kwaɗi ta tsiro a jikinsa, wasu farare, wasu sun narke sun yi baƙi. Ya tsinke ɗaya ya tsaga da farce. Ƙananan tsutsotsi suka yi ta motsi a ciki.

Ya kai ta har gaban hancin Gwadabe.

"Ga iyayen gidansu. Ba kai suka zo wa ba, laimar kwaɗi suka zo ci. Kai ɗin wa, da ƙuda zai yi maka zumuɗi? Ƙashi da fata."

Gwadabe ya daɗe yana kallon tsutsotsin.

"Ka tabbata, Malam?"

Malam Sammani ya gyara tabarau. Ya ga laimar, ya ga tsutsar, amma doron nan bai bar ransa ba.

"Na tabbata."

Gwadabe ya yi wata dariya da ta koma tari. "Alhamdu lillahi. Ɗiyata, akwai sauran kunun nan?"

Ya sha ludayi uku. Washegari da hantsi, yana salati, ya cika. Waɗanda ya koya wa aiki ne suka haƙa masa, kuma sun daidaita gefen yadda yake so.

Da aka dawo daga maƙabarta Malam Sammani bai zauna karɓar gaisuwa ba. Ya shiga zaure ya sake buɗe shafin, wannan karon ya bi ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin mai doron da yatsa, kalma kalma. Yana hayayyafa a laimar kwaɗi, in ji littafin, da ruɓaɓɓen ganye, da mushe, da gawa. Duk ɗaya ne a wurinsa.

Ya sake karantawa. To gaskiya ya faɗa wa mutumin, ko kuwa? Ya nemi inda littafin ya ce yadda ake gane abin da ya kawo su, ya tarar nan ne gara ta cinye.

Ya ɗauki kwalbar, ya fita bakin ƙofa, ya cire murfin. Ƙudan ya hau bakin kwalbar, bai tashi ba. Ya ɗan ruga, ya tsaya, ya sake rugawa, sannan ya gangaro kan yatsan Malam Sammani.