Tandun Kwallin Inna

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma na san abin da ya jawo shi. Shekara tara ina aiki a ɗakin gwaji, a kan na'urar da ke gano gubar dalma a cikin jini ba tare da harshen wuta ba. Jinin 'ya'yan mutane nake aunawa kullum. Jiya na ɗebi na 'yata mai wata goma, don ta daina cin abinci, ta daina dariya. Na sa shi a firjin ofis, na kasa aunawa. Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan.

A mafarkin na tafi aiki da kwalbar jinin a hannu, sai na tarar an mayar da ɗakin gwajin tsakiyar kasuwar hatsi. Wata zabuwa mai tabarau ce ke tsaron ƙofa.

"Kin wanke inuwarki?" in ji ta.

Na ce ban san ana wankewa ba. Ta ce to in cire ta in bari a waje, kada ta gurɓata musu gwaji. Na cire na jingine ta da bango.

A ciki babu na'ura, sai murhun gidanmu na Gumel, babu itace babu toka. Inna ce zaune a gabansa, mahaifiyata da ta rasu shekara biyu ke nan, sanye da farar rigar aikina a kan zanenta. Ban yi mamaki ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce na rame.

A kan duwatsun murhun akwai ɗan baƙin bututun na'urar da muke ɗiga jini a ciki. Na ce mata a ƙa'idar aiki sai an fara ɗiga tsabtataccen ruwa, don na'ura ta san yadda babu take.

"Ai dama baƙo ruwa ake fara ba shi," in ji Inna. "Har sai an kai ki makaranta kika san wannan?"

Muka ba shi ruwa. Sannan na ɗiga jinin, ɗigo ɗaya tak. Inna ta ɗauki mafici. Fita ta farko ɗigon ya bushe, ta biyu ya ƙone, ta uku ya tashi tururi, alhali ko tartsatsi babu.

Sai Haske ya iso, wani ƙaƙƙarfan mutum mai farin kaftani. Aikinsa ya ratsa bututun. In babu kowa a ciki, yadda ya shiga haka zai fito. Ya yi sallama ya shige. Da ya ɓullo ta ɗaya bakin, ya rame har yana riƙe wandonsa.

"An cinye ni, Hajiya," ya ce, ya nemi wuri ya zauna.

Dalma ce kaɗai ke cinsa haka. Na san ma'anar ramar nan.

Wata 'yar tsohuwa mai launin toka ta sauko daga tururin, ba ta kai ƙwayar gero ba. Ta zauna a tafina, nauyinta ya kai hannuna ƙasa. Ta ce sunanta Dalma. Na tambaye ta ta ina ta shiga jikin 'yata, ta rijiya ko ta fentin bango.

"Ke kike kai ni kullum da safe," ta ce, "har da bismillah."

Ta nuna ƙugun Inna, inda tandun kwallinta yake rataye. Shi na gada. Da shi nake zizara wa yarinyar kwalli, yadda Inna ta yi mini. Sunan Inna ta ci, kuma in na sa mata, sai in ga kamar Inna ce ke kallona.

Na fashe da kuka. Hawayen suka riƙa tashi sama, Inna ta miƙe tana taro su da faifai.

"Inna, shi kaɗai ya rage mini naki."

"Haba Ladidi. Ni na yi ban sani ba, ke kuwa yanzu kin sani." Ta goge mini fuska da bakin zanenta. "Idona kike nema? Yana nan a fuskar takwarata, ba sai kin zana ba. Tashi ki auna, a san maganin da za a ba ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na buɗe baki zan ce ta yafe mini, ita ma ta buɗe nata za ta ce haka, muka tsaya muna jiran juna.

Ƙarar jarkokin mai ruwa a ƙofar gida ta tashe ni. Yarinyar ta riga ni farkawa, tana kallona. Hannuna ya tafi kan tandun da kansa, yadda ya saba, na tsayar da shi. Na sumbaci fatar tandun, na naɗe shi a leda, na sa a jakar aiki. Yau abu biyu zan auna.