Garwashin da Saude Ta Taka

Tun da ɓarin jikin Malam Ɗantsoho ya shanye, komai na gidan ya koma kan matarsa Saude. Ita ke juya shi, ita ke yi masa wanka, ita ke ba shi kunu da cokali. 'Ya'yansu mata duk suna ɗakin aure, namijin kuma yana can Kudu wajen neman abinci. Ita ma Sauden ba lafiyayya ba ce. Ciwon suga ya daɗe yana cinta, kowane wata sai ta bar ƙauyensu Nariya ta je asibiti a Rano a auna ta.

Ranar da abin ya fara, ranar awo ce. Ta yi sammako don ta gama suyar ƙuli-ƙuli kafin ta fita, ta jingina Malam a gindin rumfa yadda zai riƙa ganinta. Tana tsaye gaban murhu sai ta ji wani ƙauri wanda ba na man gyaɗa ba. Malam, da bakinsa ba ya fitar da magana, ya shiga gurnani yana bugun tabarma da hannunsa mai lafiya.

"Yi haƙuri Malam, yanzu zan kawo kunun."

Bai daina ba, idonsa kuma na ƙasa. Ta sunkuya ta duba. Ashe garwashi ta taka da ƙafar hagu, har ya fara mutuwa a ƙarƙashin 'yan yatsunta. Fata ta ƙone, amma ita ko ɗis ba ta ji ba. Rashin jin zafin nan ya fi ƙunar ɗaga mata hankali.

Ta ɗaure wurin da tsumma, ta bai wa awaki dusa, ta roƙi maƙwabciya ta riƙa leƙa Malam. A lokacin ana ta maganar hana mata hawa acaɓa, masu babur suna ɗari-ɗari da ɗaukar mace, don haka da ƙafar ta taka har bakin titi kafin ta samu motar Rano.

Malama Bilkisu, ma'aikaciyar jinyar da ta saba duba ta, ta kwance tsumman ta duba ƙunar. Ta ɗauko allura ta ɗan soka a babban yatsa.

"Mama, kin ji?"

"A'a."

"Nan fa?"

"Kin taɓa ne?"

Malama Bilkisu ta ajiye allurar. "Gado za mu ba ki. Irin wannan ciwon ba a zuwa gida da shi."

"To wa zai juya min Malam? Idan ya wuni a gefe ɗaya bayansa ɓarewa yake yi. Ga gyaɗa na shanya, ga hadari."

Aka yi, aka yi, ta ƙi. Aka wanke mata ƙunar, aka ba ta magani, da sharaɗin ta dawo jibi kuma kada ta taka ruwa. Ta isa gida ruwan sama na sauka, ta shiga cikin taɓo tana kwashe gyaɗa.

Jibi ta zo ta wuce. Ranar Malam ya tashi da zazzaɓi, washegari akuya ta haihu, daga nan itace ya ƙare. Yatsu biyu suka yi baƙi ƙirin. Ƙuda suka fara binta duk inda ta zauna, ta riƙa ja da zane tana rufewa.

Wata safiya ta kawo kunu, Malam ya datse haƙora. Ta lallashe shi, ya kawar da kai, ya ɗaga hannu yana nuna ƙofar gida. Haka ya wuni bai sa komai a bakinsa ba, sai hawaye na gangara ta gefen ido ɗaya. Dole ta aika ƙauyen Lausu aka kira ƙanwarsa Barira.

Barira na shigowa ta toshe hanci. "Innalillahi! Yaya Saude, da wannan kike yawo? Tashi ki tafi asibiti, ni zan zauna da shi."

A Rano aka cire yatsun nan biyu. Likita ya zagaye idon sawunta da biro, ya ce a sa ido, idan kumburi ya haura zanen, sai Kano.

Tana kwance da la'asar sai ga Dalhatu, mijin Barira, ya zo dubiya. Ya tsuguna ya gaishe ta, ya yi ta juya hularsa a hannu.

"Yaya, ba don halina ba. Girbi ya kama, kuma tsohuwata ita ma tana kwance. Bayan Juma'a zan zo in ɗauki Barira."

"Malam yana cin abinci?"

"Yana taɓawa."

Da ya fita, ta ɗaga mayafi a hankali. Kumburin ya tsallake zanen biro, fatar na sheƙi. Ta mayar da mayafin. Da Malama Bilkisu ta zo zagaye, Saude ta ce mata jiki da sauƙi.

Ranar Juma'a, asibiti ya yi tsit, maza sun tafi masallaci. Ta ƙulle magungunanta a bakin zane, ta dafa bango, ta bi ta ƙofar baya tana jan ƙafa zuwa tasha.