Furar Sabuwa

A wata unguwa da ke gefen Kara, in mace ta haihu, tun kafin a nemo rago ake aika wa Sabuwa, don ita ce mai damun furar suna. Mijinta ya rasu tun zamanin da ake bin layin sabulu da madara, bai bar mata komai ba sai ɗaki da turmi. Ba ta damu da ludayi. Da tafin hannu take murje furar cikin nono har ta yi luƙui, ba gudaji ko ɗaya, shi ya sa har Madadi ake zuwa ɗaukarta a babur.

Wata damina Sabuwa ta kwanta da wani zazzaɓi mai naci, har 'yan'uwa suka fara fid da rai. Lokacin asibiti ba magani, sai dai a rubuta maka ka nufi kemis. Ta sha abin da ya samu, ta bar saura. Allah ya tashe ta, gashinta ya zube ya sake fitowa, kuma tun daga nan ko ciwon kai ba ta ƙara yi ba.

Abin ya fara a hankali. A yi taro lafiya a watse lafiya, sai an manta da shi, sannan a ji wance ta kwanta, yaron wane ya kwanta. Zazzaɓi ne mai hawa kaɗan-kaɗan, da ciwon ciki, mutum ya kwanta ido buɗe yana tsintar zaren tabarma da yatsu. Ba wanda ya zargi abinci, don kowa ya san abinci in zai ɓata ciki a ranar yake yi. Amma shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, mata suka fara lura cewa duk gidan da aka yi rashi, Sabuwa ta zauna a tsakar gidansa ba da daɗewa ba, ga ta kuma garau tana zuwa gaisuwa.

Ba wanda ya ce mata komai. Ita dai ta ga aike ya ragu. Wata rana da azahar tana dawowa daga rijiya, ta biyo lungu ta tarar da shi tsit, alhali daga nesa ta jiwo hayaniyar yara. Ga takalmansu nan a warwatse, ga garwar wasansu ba ta gama juyawa ba. Ta bayan wani danga ta hango Asibi, aminiyarta tun suna amare, ta danne kan jikarta a cinya ta rufe mata fuska da zani.

"Asibi, sannu da gida."

"Yauwa," in ji Asibi, ba ta ɗago ba.

A nan Sabuwa ta gane sunan da aka sa mata. Ta isa ɗaki ta sauke tulu, ta zauna bakin gado. Tun tana yarinya take jin cewa mayya ƙanƙara ce a cikinta, kuma ana iya ba mutum ita a abinci bai sani ba. Ta tuna lokacin jinyarta, an yi ta ɗura mata jiƙe-jiƙe daga hannaye iri-iri, wasu ma ba ta san masu su ba. Ta dafa cikinta. Ya yi ƙugi a hankali, irin wanda yake yi kullum, amma ranar sai ta cire hannun da sauri.

Sai Zubaidatu ta kwanta. Matar maƙwabcinta Musbahu ce, yarinya mai fara'a, ita kaɗai ba ta daina shigowa ba, Sabuwa kuma takan dama mata fura ta miƙa ta katanga. Da zazzaɓin ya hau kanta sai ta fara sambatu, kuma sunan da ke bakinta shi ne Inna Sabuwa.

Da la'asar aka zo aka kira Sabuwa gidan Musbahu. Tsakar gidan cike da mata. Uwar Musbahu ce ta ce, "Ba faɗa muka kira ki ba. Ki tsallake ta, ki wanke hannu a ba ta ta sha. In ke ce ki sake ta, in ba ke ba ce ba abin da zai rage ki."

Sabuwa ta shiga. Zubaidatu ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito, idonta na kan Sabuwa amma kamar wani take kallo a bayanta. Sabuwa ta tsallake ta, ta wanke hannu cikin ƙwarya, aka ɗaga kan yarinyar aka ɗura mata. Abin da ya rage, tsohuwar ta ba 'yar Zubaidatu da aka yaye, wai don kariya.

Zubaidatu ba ta kai Juma'a ba. Ba a daɗe da share makoki ba, 'yar ma ta kwanta.

Samari suka taru da sanduna a ƙofar Sabuwa. Mai unguwa ya tsaya a gabansu ya ce yanzu zamanin Shari'a ne, ba mai taɓa ta, mai ƙara ya tafi gaban alƙali. Musbahu ya kai ƙara.

Alƙalin dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa. Ya nemi shaida, aka ce marigayiya ta kira sunanta. Ya ce sambatun mai zazzaɓi ba shaida ba ne. Ya juya wajen Sabuwa ya ce tun da ta musa, ta yi alwala ta rantse, magana ta ƙare. Ta fita ta yi alwala ta dawo, aka kawo Alƙur'ani. Ta miƙa hannu, sai hannun ya tsaya a hanya.

"Allah ya gafarta Malam, ba zan iya ba."

"Kin amsa ke nan?"

"Ban amsa ba. Ni dai ban taɓa nufin kowa da sharri ba. Amma in ce babu komai a jikina, wannan ban sani ba. Duk inda na zauna sai an ɗauki gawa."

Waɗanda ke kusa da ita suka ja baya har tabarma ta yi fili. Alƙali ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗage zaman.

A waje wani mutum mai kakin ma'aikata ya tare ta. Ya ce sunansa Badaruddeen, duba-gari ne, kuma an turo shi bin sawun masu taifot da ake ta kawowa asibiti daga wajensu. Ya durƙusa ya gaishe ta sosai, abin da ta daɗe ba ta gani ba.

"Inna, kin taɓa yin dogon zazzaɓi?"

Ta ba shi labari.

"A wajen taron suna, ke kike tuƙa tuwo?"

"A'a, fura kaɗai."

"Da me kike damawa?"

Ta nuna masa tafinta. Bai ja baya ba, ya dai ce ta daure ta zo asibiti a auna bayan-gidanta. Kunya ta kama ta, amma ta je. Na farko bai nuna komai ba. Ya ce abin ɓuya yake yi, a sake. Da aka sake, aka aika Kano, sakamako ya dawo, sai ya zo har unguwar ya zauna a zauren mai unguwa, aka kira ta, aka kira Musbahu.

"Akwai ƙwayar cuta a jikinki, Inna," in ji shi. "Ido ba ya ganinta. Tun wancan ciwon ba ta fita duka ba, ta samu wuri a matsarmamarki ta zauna. Jikinki ya riga ya san ta, ya iya tare ta, shi ya sa ba kya kwanciya. Amma tana bin bayan-gida ta fito, ta maƙale a hannu da ƙarƙashin farce, ruwan buta kaɗai ba ya fid da ita. Tuwo ana cinsa da zafi, wuta ta kashe ta. Fura kuwa daga hannu sai baki. Wanda jikinsa bai san ta ba, sai ta yi mako ɗaya ko biyu a ciki kafin ta kayar da shi."

Musbahu ya ce, "To ruwan da aka ba 'yata?"

Badaruddeen ya sunkuyar da kai. "Shi ma yana iya zama hanya. Ka kawo ta asibiti yau, kada ka kai gobe."

Sabuwa ba ta yi kuka a nan ba. Tunaninta na kan kofin silbar da take miƙa wa Zubaidatu ta katanga, da yadda takan sa yatsa ta share bakinsa kafin ta miƙa.

Yarinyar ta rayu. Alƙali ya kori ƙarar, ya ce babu ganganci, ya kuma hana ta sana'ar abinci har sai likita ya sallame ta. Badaruddeen ya bi gida-gida yana faɗin a wanke hannu da sabulu ko toka, a tafasa ruwan sha, a rufe masai, aka kuma daina ɗaukar gawa a unguwar. Sai dai labarin da ya zaga bai yi kama da wanda aka faɗa a zaure ba. Mata suka riƙa cewa ai ga shi likita ma ya tabbatar, akwai abu a cikinta.

Ta sha magani na tsawon lokaci, aka yi ta aunawa, har aka ce mata ta rabu da shi. Ta yi godiya, amma ba ta koma damu ba. Ta kama saƙar faifai, wani ɗan'uwanta yana kai mata kasuwar Gwarzo inda ba a san hannun wa ya saƙa ba.

Bayan shekaru, wata rana ana tsananin zafi, wata baƙuwa mai goyo da ta fito daga wajen Gude ta yi sallama ta roƙi ruwa. Sabuwa ta yunƙura za ta tashi, sai ta koma ta zauna.

"Ga randa can, 'yata, ga moɗa a kai. Ɗebi da kanki."

Matar ta sha, ta ba ɗanta, ta tsaya suka ɗan taɓa hira kan tsadar gero. Har ta yi sallama ta fita, Sabuwa na zaune da hannayenta cikin zani.